Wa Zai Koya wa Likitan Magana Yin Shiru?

A watan Janairun 1988 wani yaro ɗan shekara goma sha biyu a Afirka ta Kudu, mai suna Martin Pistorius, ya dawo daga makaranta yana kukan ciwon maƙogwaro. Daga ranar bai sake komawa aji ba. Sannu a hankali jikinsa ya saki, muryarsa ta ɗauke, har likitoci suka shaida wa iyayensa cewa hankalinsa ya koma tamkar na jariri, su kai shi gida su yi ta jinya har ta Allah ta kasance. Abin da ba wanda ya sani shi ne, wajen shekara goma sha shida hankalin nasa ya fara dawowa, kafin ya cika goma sha tara kuwa ya dawo sarai. Yana ji, yana gani, yana fahimtar duk abin da ake faɗa a kansa, amma ba shi da hanyar da zai nuna haka. Ya yi shekaru ana ajiye shi gaban talabijin a gidan kula da masu lalura, ana kunna masa shirin ƙananan yara daga safe har yamma.

Wadda ta fara zargin cewa akwai mutum a cikin wannan jiki ita ce wata ma'aikaciyar gidan, Virna van der Walt, wadda ke yi masa tausa tana yi masa hira. Ta lura idanunsa suna bin maganarta, ta kuma matsa wa iyayensa su kai shi a gwada. A 2001, yana da shekara ashirin da biyar, aka kai shi wata cibiya a Jami'ar Pretoria. Aka ɗaga masa hotuna, ana kiran sunan abu ana cewa ya dube shi. Ya duba. Aka sake, ya sake dubawa daidai. Daga nan aka nema masa kwamfuta mai furta abin da ya zaɓa, daga baya ya yi aiki a cibiyar da ta gwada shi, ya yi aure, ya kuma rubuta littafin tarihinsa a 2011.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan labari shi ne arhar gwajin. Hotuna ne 'yan kaɗan, da mutum guda da ya san yadda ake tambayar wanda ba ya furuci, ya kuma san yadda ake jiran amsarsa. Babu asibitin ƙaramar hukumar da wannan ya fi ƙarfinsa. Ma'aikatan lafiya da yawa sun gifta ta gaban Martin a waɗannan shekaru, ba kuma don rashin imani suka wuce shi ba. Ba a taɓa koya musu abin da za su nema ba. Shi ya sa nake ganin duk muhawarar da ake yi kan masu buƙatar wata hanyar sadarwa ta daban, a kan horo take tsayawa, kuma horon da ake bai wa masu gyaran magana, waɗanda jama'a ke kira likitocin magana, yana bukatar a sake masa fasali tun daga tushe.

Bari in fayyace abin da ake nufi. Akwai mutanen da furucin baki ba ya biya musu buƙatar yau da kullum: yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa ko bayan shawara mai tsanani, ya tashi gaɓɓansa da harshensa ba sa bin umarninsa; wasu daga cikin masu lalurar otizim, wadda ake kira galahanga; dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana; wanda aka cire wa maƙogwaro saboda ciwon daji; majinyacin da ke kwance da bututun numfashi a baki. Dabarun da ke tallafa wa maganarsu ko su maye gurbinta, waɗanda a duniyar masana ake taƙaita sunansu da haruffan AAC, sun kama daga ishara da hannu, da ƙifta ido, da allon hotuna ko na haruffa, har zuwa na'urar da ke bin ƙwayar ido ta furta kalmar da aka kalla. Mu a Hausa kalma ɗaya muke jibga wa dukkan waɗannan mutane, mu ce bebe, wani lokaci ma mu haɗa da kurma, alhali da yawansu suna jin kowace kalma da aka faɗa a ɗakin, har da wadda aka faɗa a kansu.

Fannin ba tsoho ba ne. A 1971 wata malama a Toronto ta ƙasar Kanada, Shirley McNaughton, da abokan aikinta suka ɗauko wasu alamomi da Charles Bliss ya ƙirƙira, ya wallafa a 1949 da burin su zama rubutun da duk duniya za ta fahimta, suka gwada su da yara masu shanyewar gaɓɓai. Yaran suka fara haɗa jimloli. A shekarun 1970 ɗin ne kuma tsarin Makaton ya ɓullo a Ingila, inda ake haɗa magana da ishara. Ƙungiyar duniya ta masana wannan fanni, ISAAC, sai a 1983 aka kafa ta. Sana'ar gyaran magana kuwa ta girme wa duk waɗannan da shekaru masu yawa, kuma ta riga ta ginu a kan wani tunani da sunanta ma ke ɗauke da shi: aikin likitan magana shi ne ya gyara furuci. In'ina, tsamin baki, dishewar murya, waɗannan su ne abin da aka san shi da su. Wanda aka rena a kan wannan tunani, in ya miƙa wa yaro allon hotuna, ji yake kamar ya amsa cewa ya gaza.

Daga nan ne kuskure mafi tsada ya samo asali, wato jinkiri. Ana cewa a bari tukuna a ga ko zai yi magana, kada a ba shi allo ya sangarce. Iyaye ma haka suke ji, kuma ban ga laifinsu ba, domin uwar da aka miƙa wa allo gani take an yanke mata ƙauna. Amma an bincika wannan tsoro. A 2006 Diane Millar da Janice Light da Ralf Schlosser suka tattara binciken da aka yi a kan lamarin, suka ware misalai 27 da hujjar da ke kansu ta fi inganci. Babu ko ɗaya da furucinsa ya ragu bayan an ba shi wata hanyar sadarwa. Kashi 11 cikin ɗari ba su canza ba, kashi 89 kuma furucinsu ya ƙaru, ko da yake ƙarin ba mai yawa ba ne a mafi yawansu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya gano cewa in ya nuna alama ana amsa masa, ya gano amfanin harshe ke nan, kuma matsin da ke kansa na sai ya furta ya ragu. Shekarun da aka kashe ana jira kuwa su ne shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe, kuma ba sa dawowa.

Akwai kuma tsohon ra'ayin nan na cancanta, wanda ke cewa sai yaro ya nuna wani mataki na fahimta kafin a ba shi kayan sadarwa. Masana irin su David Beukelman da Pat Mirenda sun yi watsi da shi tun ƙarshen shekarun 1980, suka ce a fara da tambayar abin da sa'o'in mutum ke yi wanda shi ba ya samun shiga, da abin da ke hana shi. Hujjarsu mai sauƙi ce: ta yaya zai nuna fahimtar alhali abin da zai nuna ta da shi ne aka hana shi? Duk da haka ra'ayin bai mutu ba, yana nan a ɗakunan duba marasa lafiya, yana fitowa da kalmomin "bai kai ba tukuna". Ko a Amurka, inda sana'ar ta fi kafuwa, nazarin da Aileen Costigan da Janice Light suka wallafa a 2010 ya nuna cewa makarantu da yawa ɗan abin da suke koyarwa a wannan fanni bai taka kara ya karya ba, kuma malaman kansu galibi ba su ƙware a ciki ba. In haka lamarin yake a can, mai karatu ya ƙiyasta yadda yake inda likitan magana ɗaya ke ɗauke da jiha sukutum.

To me ya kamata a koyar? Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce na'ura. Tun da manhajar Proloquo2Go ta fito a 2009, iPad kuma ya biyo baya a 2010, sai aka ɗauka matsalar ta koma ta sayayya. Ba na raina na'ura. Stephen Hawking ya rasa muryarsa a 1985 bayan an huda masa maƙogwaro saboda ciwon huhu, kuma da na'ura ya ci gaba da koyarwa da rubutu har rasuwarsa a 2018. Amma na'ura tana mutuwa in babu wuta, tana fashewa, tana tsufa, kamfani yana daina ƙera ta. Wanda aka horar a kan maɓallan wata manhaja kaɗai, iliminsa tare da ita yake tsufa. Abin da ba ya tsufa shi ne ido da haƙuri.

Dubi Jean-Dominique Bauby, babban editan mujallar Elle ta Faransa. A Disambar 1995 jijiyar ƙwaƙwalwarsa ta samu matsala, ya farka ba abin da ke motsi a jikinsa yadda yake so sai fatar idonsa na hagu. Likitar maganarsa, Sandrine Fichou, ta kawo masa jerin haruffa da aka tsara bisa yawan fitowarsu a Faransanci, E a gaba, sai S, sai A, sai R. Ana karanto masa, in an zo kan harafin da yake so sai ya ƙifta. Da haka ya shibta littafi guda, wanda ya fito a Maris 1997, kwana biyu kafin rasuwarsa. Ba a kashe ko sisi a kan wannan dabara ba. Abin da likitar ta mallaka shi ne sanin cewa aikin farko shi ne a nemo motsi ɗaya tak da majinyaci ke iya yi da gangan, ya kuma iya maimaitawa: ƙifta ido, ɗaga gira, motsa babban yatsan ƙafa, juya kai. Neman wannan motsi fasaha ce da ake koya. Yakan buƙaci a gyara wa mutum zama, domin yaron da ke fama da riƙe wuyansa ba shi da sauran ƙarfin da zai nuna hoto, kuma a nan ne likitan magana ke buƙatar likitan gashi a gefensa. Yakan buƙaci a gane ko mutumin yana gani sosai, ko yana ji sosai, ko kuwa gajiya ce ta sa amsarsa ta yamma ta saɓa da ta safe. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar mai shanyewar gaɓɓai takan yaudari wanda bai saba ba: abin da ya ɗauka murmushin yarda, wataƙila ɗaurewar tsoka ce.

Sai shiru, wanda a ganina shi ne mafi wuyar koyarwa. Mai magana da baki yakan furta kalma ɗari da hamsin ko fiye a minti guda. Mai nuna alamomi ko haruffa sau da yawa ba ya kai goma sha biyar. Wannan tazara tana haifar da wata ɗabi'a da aka daɗe da lura da ita: mai bakin sai ya mamaye hirar, ya yi tambaya ya amsa da kansa, ya ƙarasa wa ɗan'uwansa jimla, ya mayar da komai tambayar "i" ko "a'a". Na ga wannan a gidanmu lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kama wani kawuna. Kowa ya shigo sai ya ce, "Kawu, yaya jiki? Da sauƙi ko? Alhamdu lillahi," ya juya ga matarsa ya ci gaba da hira, duk cikin numfashi ɗaya. Ni ma haka na yi ta yi. Ba mu taɓa ba shi daƙiƙa goma cur ba, kuma in mai karatu ya gwada ƙirga goma a zuci yana kallon mutum ba tare da ya ce uffan ba, zai ji irin nauyinta. Mutumin da ya zaɓi sana'ar magana kuwa galibi mai son magana ne. Ba lacca ce za ta koya masa yin shiru ba. Sai an ɗauke shi a bidiyo yana aiki, an zaunar da shi ya kalli kansa, ya ƙirga sau nawa ya katse wanda ya zo taimako.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya shafe mu kai tsaye, wato kalmomin da ake ɗorawa a kan allon. Wanda ya zaɓi kalmomin allo ya yanke hukunci a kan abin da mai allon zai iya faɗa da abin da ba zai iya ba, kuma wannan iko ne mai ban tsoro. Sabon shiga yakan cika allo da sunayen abubuwa: ruwa, abinci, bayan gida, barci. Allon ya zama takardar buƙatun jiki, mutumin kuma ya zama mai roƙo kawai. Ba zai iya cewa "ba haka ba ne" ba, ba zai iya tsokana ba, ba zai iya tambayar "ina Inna ta tafi?" ba. Masu bincike sun daɗe da gano cewa mafi yawan abin da mutum ke furtawa a yini 'yan kalmomi ne ƙalilan da ke ta maimaituwa, kuma yawancinsu ba sunaye ba ne: so, ƙi, ƙara, tsaya, zo, tafi, wannan, can, me, wa, ba. Su ne ginshiƙin allo, sauran kalmomi a kewaye da su ake jerawa.

Matsalar ita ce jerin waɗannan kalmomi da ke cikin littattafan koyarwa daga Ingilishi aka tsamo su, kuma ba sa fassaruwa. Allon Ingilishi yana da gida ɗaya na "ni", kusa da shi gidan "tafi", an gama. Bahaushe kuwa lokacin aikinsa a jikin wakilin suna yake: na tafi, ina tafiya, zan tafi, nakan tafi, in tafi. Wanne za a sa a gidan? Sannan ga jinsi, wanda ba ya barin mu ko'ina: ka da ki, kai da ke, ya da ta, ne da ce. Yaron da allonsa ke sa shi ya ce wa mahaifiyarsa "ka zo" an mayar da shi abin dariya a tsakar gida. In aka koma ga na'ura mai furuci sai wata rigimar ta taso, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, sai na'urar ta yi ta canka. Ko dabarar Bauby ba za ta ɗauku yadda take ba: duk wanda ya dubi wannan shafi zai ga cewa a Hausa harafin A ne zai hau gaba, kuma dole a nemo wa ɓ da ɗ da ƙ mazauni. Dattijon da ya yi karatun allo kuwa, wanda ajami ne rubutunsa, in aka miƙa masa allon boko ya kasa, sai a rubuta a fayil cewa ba ya fahimta.

Hotunan ma haka. Akwai rumbunan alamomi na kyauta, irin ARASAAC na gwamnatin yankin Aragon a Sifaniya, kuma alheri ne babba. Amma yarinyar ƙauye a Katsina ko Maraɗi ba za ta ga kanta a hoton bahon wanka da burodi mai cuku ba. Tana buƙatar buta, da tabarma, da koko, da fura. Tana buƙatar gaisuwa fiye da yadda mai tsara allo a Turai zai zata, domin a wurinmu wanda ba ya gaisuwa bai shiga sahun mutane ba tukuna. "Ina kwana", "sannu da aiki", da "amin" da za ta amsa addu'a da ita, sun cancanci gida a shafin farko. Akwai kuma alkunya. Matar da ba ta taɓa kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, in aka ba ta na'urar da ke kwaɗa sunan da ƙarfi in ta taɓa hotonsa, za ta ture ta gefe, ma'aikaci kuma ya ce ta ƙi ba da haɗin kai. Raunin da ke ɗauke harshe galibi ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ya kashe ɓarin dama na jiki, don haka da hannun hagu majinyaci zai yi nuni, hannun da aka hore mu tun muna yara kada mu miƙa wa babba. Yaron da aka koya wa sunkuyar da kai gaban manya kuma, ga shi ana so ya yi magana da ido. Ba littafin da aka rubuta a waje da zai faɗakar da ɗalibi a kan waɗannan, kuma kowanne cikinsu ya isa ya sa a jingine allo a bayan ƙofa.

Ba mu ne farkon waɗanda suka ci karo da wannan ba, kuma a nan ne cibiyar Pretoria ta zama abin koyi. Erna Alant ce ta kafa ta a 1990. Masu bincikenta sun ɗauki maganar yaran da ke jin Zulu suna wasa da hira a makarantun renon yara, suka ƙirga abin da ya fi maimaituwa, suka fitar da jerin kalmomin ginshiƙi daga cikin harshen kansa; aka kuma yi irin wannan aiki a harshen Sepedi. Aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, in sashen harsuna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman suka yarda su zauna a tebur ɗaya. Muna ma da wata dukiya a hannu. Makaton daga harshen kuramen Birtaniya ya aro isharorinsa. Mu kuwa muna da maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, kuma masu ji da yawa a kasuwa da unguwa sun san wani abu daga cikinta. Ga yaron da hannunsa ke aiki, isharar da maƙwabta suka riga suka sani ta fi wadda aka shigo da ita daga Landan.

Darasi na biyu daga Pretoria ya fi wannan muhimmanci: ba likitocin magana kaɗai take horarwa ba. Kwasa-kwasanta a buɗe suke ga malaman makaranta da sauran ma'aikatan jinya, an kuma tsara su yadda mutum zai yi karatu yana bakin aikinsa. Lissafi ne ya tilasta haka. Jariri yakan yi kusan shekara guda yana jin harshe kafin ya furta kalmar farko. In an ce yana farke awa goma a yini, awa 3,650 ke nan. Yaron da ke ganin likitan magana rabin awa sau biyu a mako, awa 52 yake samu a shekara. In a ɗakin likita kaɗai yake ganin ana amfani da allonsa, ba zai taɓa koyon harshen allon ba. Dole uwa da yaya da malamin aji su riƙa nuna alamomin suna magana da shi, wajen wanka da wajen cin tuwo, kafin a sa ran shi ma zai nuna. Saboda haka ainihin ɗalibin likitan magana shi ne mutanen gidan. Koyar da babban mutum kuwa, wanda ya gaji, wanda ya sha yawon asibiti da na masu magani, wanda wataƙila ba ya karatu, fasaha ce dabam da ba kasafai ake saka ta a manhajar karatu ba. Kuma gidan Bahaushe yana da abin da gidan Bature ba shi da shi: hannaye da yawa. Kaka tana nan, 'yan'uwa da yaran maƙwabta suna nan, kuma yara sun fi manya saurin mayar da allo abin wasa, wanda shi ne ake so.

Makarantun da ke horar da likitocin magana a wannan nahiya ƙalilan ne kuma sababbi ne. Jami'ar Makerere ta Yuganda ta fara digirinta a 2008, Jami'ar Ghana ta fara digiri na biyu a 2016, makarantar ma'aikatan lafiya ta Lome a Togo kuma tun farkon shekarun 2000 take yaye su ga ƙasashe masu Faransanci. A Najeriya Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da fannin a sashenta na ilimi na musamman, hukumar MRTB kuma ita ke yi wa masu sana'ar rajista. Ƙuruciyar waɗannan makarantu dama ce, domin ba su da tsohuwar al'adar da sai an rushe. Hujjar doka ma tana nan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010, ta ambaci waɗannan hanyoyin sadarwa da suna, sashe na 24 kuma ya ce a saka su cikin horon malamai da ma'aikatan ilimi. Dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ta musamman ga majinyacin da ke buƙatarta. Sai dai doka ba ta san yadda ake riƙe allo ba.

Na san za a ce wannan kayan marmari ne a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ke kashe yara. Amma yaran da aka ceto daga zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da doguwar naƙuda, wasunsu su ne waɗanda muke magana a kai. Ceton ransu rabin aikin ne. Wanda ba ya iya faɗa shi ne wanda mugu ke zaɓa, domin ya san ba za a ji ba, kuma shi ya sa masu binciken Pretoria suka tsara alluna na musamman da mutum zai bayyana cin zarafin da aka yi masa. Dattijon da magana ta ɗauke wa yana da bashin da yake so a biya, da wasiyyar da yake so ya bari, da 'yar da ake shirin aurarwa ba a ji ta bakinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allunan sadarwa cikin jerin kayan tallafi hamsin mafi muhimmanci da ta fitar a 2016, a sahu ɗaya da keken guragu da tabarau. Kwali ne da leda.

Akwai wani haɗari da dole horon ya yi wa shinge, kuma daga kyakkyawar niyya yake fitowa. A ƙarshen shekarun 1980 wata dabara ta yaɗu daga Ostareliya zuwa Amurka, inda mai taimako ke riƙe hannun wanda ba ya furuci yana "tallafa" masa ya buga haruffa. Sai ga yaran da ba su taɓa karatu ba suna rubuta jimloli masu ratsa zuciya, iyaye suna kukan murna. Da aka zo gwaji a farkon shekarun 1990, aka riƙa nuna wa yaron hoto ɗaya, mai taimakon kuma wani hoton dabam ba tare da ya sani ba. Abin da ake bugawa sunan hoton da mai taimakon ya gani ne. Ba yaudara suke yi da gangan ba. Hannunsu ne ke jan hannun yaron ba su ankara ba. Kafin a farga an tuhumi wasu iyaye da laifuffukan da ba su aikata ba, bisa saƙonnin da ba 'ya'yansu ne suka rubuta ba. Ƙungiyar likitocin magana ta Amurka, ASHA, ta fitar da matsaya a 2018 cewa kada a yi amfani da dabarar. Labarin Martin yana koya wa ɗalibi kada ya yi saurin cewa babu kowa a ciki. Wannan kuma yana koya masa ya riƙa tambayar kansa kullum, saƙon nan na wane ne? Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya: a nuna wa mai allon abin da mai taimakonsa bai gani ba, sannan a tambaye shi.

Da ni ke tsara jarrabawar ƙarshe, da ba zan tambayi ɗalibi sunayen manhajoji ba. Zan ba shi kwali da almakashi da alƙalami, in tura shi gidan wani yaro ya yini, ya dawo da allon da kakar yaron ta iya amfani da shi bayan tafiyarsa. Zan sa shi ya shiga kasuwa da allo a hannu, bakinsa a rufe, ya sayo tumatir ya kuma nemi ragi. A rana ta ƙarshe kuma zan zaunar da shi gaban wani babban mutum mai magana da allo ko na'ura, wanda aka ɗauka aiki a matsayin malami ana biyansa, su yi hirar minti ashirin, wani yana gefe da agogo yana ƙirga daƙiƙun da ɗalibin ke bari bayan kowace tambaya. Makin wannan ɓangare mai allon ne zai bayar.